Ina ne iyakar tsohon garin New Amsterdam, kuma da gaske akwai bango a Wall Street?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina koyar da tarihi a makarantar sakandare. Wani ɗalibina ya ce ya ji wai birnin New York asalinsa ɗan ƙaramin gari ne na Turawan Holand, wai sun sayi tsibirin a kan dala 24, kuma titin Wall Street shi ne wurin bangon garin. Daga ina zuwa ina garin ya tsaya, kuma tsoron wa ya sa aka yi bangon?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam, Allah ya ƙara basira. A gaida min ɗalibin nan, don ya iya tambaya. Duk abin da ya ji yana da tushe, sai dai kowanne an ɗan shafa masa mai. Sunan garin New Amsterdam, ya yi shekara arba'in a hannun 'yan Holand, daga 1624 zuwa 1664, kuma bai wuce kudancin tsibirin Manhattan ba, inda ƙasar ta tsuke kamar bakin mashi. Na taɓa takawa da ƙafata daga inda sansanin sojansu yake zuwa Wall Street, ban cika minti goma ba, ga shi kuma ina tsayawa kallo. Amma da ka ce iyaka, sai in tambaye ka wacce kake nufi, domin abin da suka rubuta a takarda daban, inda suka kafa itace daban, inda ruwa ya tsayar da su kuma daban.

A watan Satumba na 1609 wani matuƙin jirgin ruwa ɗan Ingila, Henry Hudson, wanda 'yan kasuwar Holand suka ɗauka ya nemo musu gajeriyar hanya zuwa Asiya, ya shiga kogin da yau ake kira da sunansa. Ya bi shi har wajen inda garin Albany yake yanzu, ya ga ruwa ya tsuke, ya juyo. Bai samu hanyar Asiya ba, amma ya koma da labarin fatu. Akwai wata dabbar bakin ruwa da suke kira biba, ta fi gafiya girma nesa ba kusa ba, da gashinta ake yi wa manyan Turai huluna, kuma a wancan zamanin fatarta kuɗi ce a hannu. Saboda ita aka kafa garin. A 1621 hukumar Holand ta ba Kamfanin Yammacin Indiya ikon cinikin gaɓar Afirka ta Yamma da nahiyar Amurka shi kaɗai. Ka riƙe sunan kamfanin nan, don shi ne dai ya ƙwace sansanin Elmina, a ƙasar Gana ta yau, daga hannun Fotugis a 1637, kuma garin New Amsterdam mallakarsa ne, har gwamnan ma ma'aikacinsa ne.

A takarda, ƙasar da suka kira New Netherland ta tashi daga kogin Delaware ta kudu har kogin Connecticut ta arewa maso gabas. A 1624 aka kawo iyalai kamar talatin, yawancinsu Walun masu jin Faransanci, aka warwatsa su kaɗan-kaɗan a bakin waɗannan koguna, kamar mai kafa turaku a gonar da ba shi da ƙarfin nomawa, don dai a ce da mai ita. Abin bai ɗore ba. A 1625 aka fara ginin sansanin Fort Amsterdam a ƙarshen Manhattan, a 1626 kuma sabon shugaba Peter Minuit ya tattaro mutanen wuri ɗaya. Ko a 1628 duk garin bai wuce mutum 270 ba.

Sai batun cinikin, wanda a nan ne aka fi yin kuskure. Takardar sayen ba ta nan, ta ɓata. Shaidar da ake da ita wasiƙa ce da wani jami'i, Pieter Schagen, ya rubuta wa majalisar Holand ranar 5 ga Nuwamba, 1626, yana ba da rahoton jirgin da ya iso daga can. A cikinta ya ce mutanensu sun sayi tsibirin daga 'yan asalin ƙasar a kan abin da darajarsa ta kai gilda 60 (kuɗin Holand na wancan zamani), sannan ya wuce zuwa abin da ya fi damunsa, wato lissafin kaya: fatar biba 7,246 da sauran fatu da katako. Layi biyu kacal aka ba cinikin. Dala 24 ɗin da ake ta maimaitawa wani ne a ƙarni na 19 ya canza gilda 60 da farashin zamaninsa, aka ɗauka aka ci gaba da yawo da ita, alhali a 1626 ko ƙasar Amurka babu, balle dalarta. Zancen wai duwatsun wuya aka ba su shi ma babu shi a wasiƙar. Abin da aka sani shi ne kayan da aka bayar a cinikin tsibirin Staten, maƙwabcin Manhattan, a 1630: yadi mai kauri, tukwanen ƙarfe, gatura, fartanyu da makamantansu, kaya ne masu amfani ga mutanen da ba su da maƙerin ƙarfe. Wani abin dariya, wasiƙar ta ƙiyasta girman tsibirin da ma'aunin gonarsu, mogen 11,000, wanda ya haura murabba'in kilomita 90, alhali Manhattan ko da cikon da aka yi masa daga baya bai wuce 59 ba. Masu sayen ma ba su san girman abin da suka saya ba.

Ni a ganina ma kalmar saye ba ta dace da abin da ya faru ba. Mutanen Lenape, masu ƙasar, ba su san a sayar da ƙasa a tashi a bar ta har abada ba. Abin da suka fahimta ya fi kusa da baƙon da ya kawo gaisuwa aka ce masa ga wuri nan ya zauna ya noma, za a ci gaba da zama tare, kuma za a riƙa sabunta gaisuwar. Hujjata ita ce ba su tashi ba. Sun ci gaba da farauta da kamun kifi da noma a tsibirin shekaru da yawa bayan 1626. Tsibirin Staten kuwa sai da aka sake sayensa a 1657, aka kuma sake a 1670, domin kowane ɓangare da irin fahimtarsa. Su masu ƙasa suna ganin baƙo raɓa ne, shi kuwa baƙon ya riga ya shigar da wurin cikin littafin kamfani.

Shekara ashirin da wani abu garin ba shi da bango ko kaɗan. Sansani ne mai tudun ƙasa, da coci a cikinsa wanda aka gina a 1642, da injinan niƙa masu aiki da iska, da mashaya barkatai, da gidajen katako a warwatse, aladu na yawo suna tone tudun sansanin har gwamna yana ta kafa doka a kansu. Wani limamin Katolika ɗan Faransa, Isaac Jogues, da ya ratsa ta garin a 1643, ya rubuta cewa an gaya masa harsuna 18 ake magana da su a wurin. Gari ne na 'yan ci-rani, kowa da abin da ya kawo shi.

Bangon ya zo ne a 1653, ƙarƙashin Peter Stuyvesant, gwamnan nan mai ƙafar katako da ya iso a 1647. Ranar 2 ga Fabrairu na shekarar aka ba garin ikon mulkin kansa, da magadan gari biyu da 'yan majalisa biyar da mai gabatar da ƙara, bayan mazauna sun daɗe suna kai kukan kamfanin gaban hukumar Holand. Ko wata biyu ba a yi ba sai labari ya iso cewa Turawan Ingila na yankin New England, maƙwabtansu ta arewa, suna shirin kawo hari, domin tun 1652 Ingila da Holand ke yaƙi a teku. Don haka amsar tambayarka ta biyu: tsoron Ingilishi ne ya kafa bangon. An fi yaɗa cewa don 'yan asalin ƙasar aka yi shi, kuma gaskiya ne an ƙara masa ƙarfi daga baya saboda su, amma mafarinsa rikicin Turawa ne a junansu.

Kada ɗalibanka su ji bango su hango ganuwa irin ta Kano ko Zazzau. Sunansa na gaskiya a Hausa kafi. Da farko an tsara a jera gungume masu tsini, kowanne tsawon ƙafa 12, da aka ji kuɗin sai aka koma kafa dirkoki ana buga musu faffaɗan katako, da tudun ƙasa ta ciki da ɗan gwalalo. Attajiran garin ne suka ba da rancen sama da gilda 5,000, aka tilasta wa mazauna fitowa aikin gayya, bayin kamfani 'yan Afirka kuma suna cikin waɗanda suka yi haƙa da ɗaukar itace. Tsawonsa kamar mita 700, ya ratsa tsibirin daga kogin East ta gabas zuwa kogin Hudson ta yamma. Ƙofa biyu gare shi. Ƙofar Tudu tana inda Broadway ya haɗu da Wall Street a yau, dab da cocin Trinity, kuma Broadway ɗin nan tsohuwar hanyar ƙafa ce ta Lenape da 'yan Holand suka faɗaɗa. Ƙofar Ruwa tana bakin kogin East, inda Pearl Street ya ratsa. Idan Allah ya kai ka Wall Street ka duba ƙasa a wajen ginin kasuwar hannun jari, za ka ga an dasa ƙananan katako masu kusurwa huɗu a jere cikin daɓen titin, su ne alamar layin da kafin ya bi. Ranar da na je, mutane na ta tattaka su suna ɗaukar hoton ginin, ba wanda ya sunkuya.

To, ya yi amfani? Harin 1653 bai zo ba, don an yi sulhu a Turai a 1654. A watan Satumba na 1655, Stuyvesant ya kwashi sojoji ya tafi kogin Delaware ƙwace mazaunin 'yan Suwidin, sai ɗaruruwan mayaƙan 'yan ƙasa suka sauka cikin garin da asuba a kwale-kwale, ta bakin ruwa, kafin katakon kuwa yana can bayansu. Daga nan suka haye Pavonia, mazaunin 'yan Holand a ƙetaren kogin Hudson, da tsibirin Staten suka ƙone gonaki, suka kama mutum kamar 150. A 1664 kuma, da Ingilishi suka zo da gaske, jiragen yaƙi huɗu suka kawo ƙarƙashin Richard Nicolls suka tsaya a mashigin ruwa. Aikin banza, makaho da waiwaye: an toshe tudu, gari kuwa ruwa ya kewaye shi ta sauran ɓangarori. Stuyvesant ya so ya yi faɗa da sojojinsa kamar 150, amma manyan gari 93, har da ɗansa na cikinsa, suka sa hannu a takardar roƙo cewa ya haƙura. Ranar 8 ga Satumba aka miƙa garin ba a harba ko harsashi ɗaya ba, aka sa masa New York saboda James, mai sarautar York, ƙanin Sarki Charles na Biyu, wanda yayan nasa ya riga ya ba shi ƙasar kyauta tun a watan Maris, tana hannun wasu.

Iyakar da ta yi aikin tsaro a zahiri mutane ne, kuma ta riga kafin da shekara goma. Gwamna Willem Kieft, wanda ya gabaci Stuyvesant, ya jawo yaƙi da 'yan ƙasa bayan ya sa an yi wa waɗanda suka zo neman mafaka kisan gilla cikin dare a Pavonia da Corlears Hook, a gaɓar gabashin Manhattan, a Fabrairun 1643, aka kashe sama da mutum ɗari. Ramuwar da ta biyo baya ta kori Turawa daga gonakinsu na arewa, kowa ya gudo gindin sansani. A daidai wannan lokacin ne kamfani ya fara raba wa baƙaƙen fata filaye. Ranar 25 ga Fabrairu, 1644, aka ba bayi maza goma sha ɗaya da matansu abin da ake kira rabin 'yanci. Wasunsu tun wajen 1626 suke bauta wa kamfanin, kuma sunayensu na nuna inda aka ɗebo su: Paulo d'Angola, Simon Congo. Sharaɗin shi ne kowace shekara kowanne zai kawo awo talatin na hatsi da ƙosasshen alade ɗaya, zai fito aikin kamfani idan an kira shi, 'ya'yansu kuwa, na yanzu da waɗanda za a haifa, suna nan a bayi. Bahaushen da ya san murgu zai gane tsarin, sai dai wannan ya fi shi ɗaci ta wajen 'ya'ya. Ka duba kuma inda aka ba su gonakin: arewa da tafkin da ake kira Fresh Water, wajen unguwar Greenwich Village da dandalin Washington Square na yau, a kan hanyar da duk mai kawo hari ta tudu zai biyo. An sa su ne su zama garkuwa. Su kuma suka riƙe filayen, suka yi aure, suka kai ƙara kotu, suka kafa unguwar baƙaƙen fata masu 'yanci ta farko a tsibirin.

Idan ka bi wa aka bari a ciki, wa aka tura waje, za ka fi gane garin fiye da bin layin katako. Anthony van Salee, wanda takardun garin ke kira Baturke, ɗan wani matuƙin jirgi ne ɗan Holand da ya musulunta ya zauna a garin Sale na Maroko. Yana da gona kusa da sansani, amma rigima da limamin coci da maƙwabta ta sa aka kore shi da matarsa a 1639, ya haye ruwa ya kafa gona wajen Gravesend a Brooklyn ta yau, ya kuma yi arziki a can. Yahudawa 23 da suka iso daga Recife ta Barazil a 1654 Stuyvesant ya nemi a kore su, kamfani ya hana shi, amma da suka nemi maƙabarta a wajen gari aka ba su. Ɗan titin nan Maiden Lane, kaɗan arewa da Wall Street, hanyar rafi ce da 'yan mata ke bi zuwa wanki a bayan kafi. Bowery kuma daga kalmar 'yan Holand ta gona ya samo suna, hanyar gonar Stuyvesant ce, inda ya koma ya zauna bayan an karɓe garin, ya mutu a 1672.

Can ƙarshen tsibirin ta arewa akwai wani ƙauye daban, Nieuw Haarlem, da aka kafa a 1658, shi ne Harlem ta yau. Iyakar ƙasar gaba ɗaya da Ingilishi kuwa an shata ta a Hartford a 1650, inda aka raba tsibirin Long Island a Oyster Bay, aka ja layi a tudu daga garin Greenwich na jihar Connecticut ta yau. Ingila ba ta taɓa amincewa da wannan yarjejeniya ba.

Iyakar ruwa ita ce ke rikita mai kallon taswirar yau. Mafi kyawun hoton garin shi ne zanen da safiyo Jacques Cortelyou ya yi a 1660, wanda aka tsinci kwafinsa a wani gidan sarauta mai suna Castello kusa da Florence ta Italiya, shi ya sa ake kiransa taswirar Castello. Gidaje ne sama da 300, da lambuna a bayansu, mutanen garin kuma ana ƙiyasta su kamar 1,500 a ƙarshen zamanin Holand. A wannan taswira Pearl Street shi ne bakin kogi, daga ɓawon kawa da ke zube a gaɓar ya samo suna. Yau tsakaninsa da ruwa akwai Water Street da Front Street da South Street, duk ciko ne da aka yi da ƙasa da shara da tsofaffin jirage. Broad Street, da za ka yi mamakin faɗinsa a tsakanin ƙananan lunguna, mashigin ruwa ne da aka haƙa irin na Amsterdam, kwale-kwale na shiga har tsakiyar gari, sai da ya zama juji mai wari aka cike shi a 1676. Stone Street ya samu sunansa don shi aka fara yi wa daɓen dutse a 1658. Sansanin kansa an rushe shi a 1790, kuma ginin kwastan da ke wurin yanzu, a Bowling Green, a cikinsa ne gidan tarihin 'yan asalin Amurka yake.

Bayan 1664 abubuwa sun tafi da sauri. A 1665 Nicolls ya sa dukan tsibirin ƙarƙashin hukumar gari ɗaya. A sulhun Breda na 1667 Holand ta bar wa Ingila wurin, ita kuma ta riƙe Suriname mai rake. Holand ta dawo ta ƙwace garin a 1673 ta sa masa New Orange, ta mayar a 1674. Shi kuwa kafin katakon ya ci gaba da ruɓewa, gari ya tsallake shi, aka rushe shi a 1699, aka kwashi duwatsun hasumiyoyinsa aka sa a ginin sabuwar majalisar gari a kan titin, a wurin da aka rantsar da George Washington, shugaban Amurka na farko, a 1789. Su 'yan Holand Cingel suke kiran hanyar da ke bin bayan kafin. Akwai masu cewa sunan Wall daga Walun ya fito, amma hujjar bangon ta fi ƙarfi, tunda titin a kan layinsa aka shata shi. A ƙarshen wannan titi, bakin kogin East, hukumar gari ta kafa kasuwar bayi a 1711, ta ci har 1762.

A 1697 aka hana binne baƙaƙen fata a harabar cocin Trinity, don haka suka koma wani kwari a bayan gari, kusa da tafkin nan na Fresh Water. Da aka sake yin wani kafin a 1745, wajen Chambers Street na yau, maƙabartar ta sake faɗawa ta waje. An yi amfani da ita har wajen 1794, sannan aka cike kwarin aka yi gine-gine a kai, aka manta. A 1991, ana haƙa harsashin wani ginin gwamnati a lamba 290 Broadway, aka ci karo da ita. An tono ƙasusuwan mutum 419, da yawansu yara ne, kuma ana ƙiyasta waɗanda ke kwance a wurin sun kai 15,000. A 2003 aka mayar da su ƙasa a wurin, cikin akwatunan katako da aka sassaƙa a Gana. Daga Wall Street zuwa can, idan ka bi Broadway ka yi arewa, tafiyar kamar minti goma sha biyar ce.